Daga kallon gasar harbe-harbe a waya zuwa yankar tikitin caca: abin da ke jan matasa a Unguwar Sarki

Bayan sallar isha'i, idan jama'a suka watse daga Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki a Kaduna, majalisun matasa kan fara cika a bakin shaguna da teburan masu shayi. A da hirar ba ta wuce ta Firimiyar Ingila. Yanzu sai ka tarar da mutum huɗu ko biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ƙarar bindiga na tashi daga cikinta, mai sharhi na ta kwarara ihu da Turanci. Gasar gem suke kallo kai tsaye a YouTube, inda ƙungiyoyin ƙwararru ke fafatawa a wasan harbe-harbe.

Yawancinsu sun shigo harkar ne ta wasannin da ƙaramar waya ke iya ɗauka: Free Fire da ya fito a 2017, PUBG Mobile a 2018, da Call of Duty Mobile a 2019. Wanda ya saba bugawa da abokansa, ba a daɗewa yake fara son ganin yadda gwanaye ke yi. Daga nan ne wasu ke zarcewa zuwa Counter-Strike, wasan kwamfuta da ya samo asali tun 1999, wanda ake yi mutum biyar da biyar. A sabon samfurinsa na 2023, ƙungiyar da ta fara cin zagaye 13 ita ce ta ci filin.

Harka ce ta manyan kuɗi. Gasar Esports World Cup da aka fara a birnin Riyadh na Saudiyya a 2024 ta raba kyautar sama da dala miliyan 60, kuma ƙungiyar Team Falcons ta ƙasar ce ta zo ta ɗaya. Wasan ƙarshe na gasar Free Fire ta duniya da aka yi a Singafo a 2021 ya tara masu kallo sama da miliyan biyar a lokaci guda. Lokaci ma ya yi wa ɗan Kaduna daidai, domin agogon Najeriya bai taɓa bambanta da na Jamus ko Poland da fiye da awa ɗaya ba, don haka manyan wasannin da ake yi a can da yamma suke zuwa nan.

Matsalar tana farawa ne a manhajar caca. Kusa da ɓangaren ƙwallon ƙafa, manhajoji da dama sun buɗe ɓangaren gasar gem, kuma ba a kan wanda zai ci wasa kawai ake zuba kuɗi ba. Ana yi a kan wanda zai ci filin farko, da wanda zai ci zagayen farko da ake yi da ƙananan bindigogi, da yawan zagayen da za a buga. Wasa ɗaya kan haifar da ƙofofi barkatai na saka kuɗi, ana buɗe su ana rufewa yayin da ake cikin bugawa.

Abin da ke ruɗar matashi shi ne ganin ya san wasan. Ya san 'yan wasan, ya san filin da kowace ƙungiya ta fi ƙwarewa a kai, sai ya ɗauka ilimi yake amfani da shi, ba sa'a ba. Amma lissafin kamfani bai damu da iliminsa ba. A ɗauka ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya, an ba kowacce ninkin 1.85. Mutum ɗaya ya saka naira 1,000 a wannan, wani ya saka 1,000 a waccan. Kamfani ya karɓi 2,000, zai biya wanda ya ci 1,850, ya riƙe 150 ko wace ƙungiya ce ta yi nasara. Wanda ya jera wasa biyar ko goma a tikiti ɗaya don kwaɗayin babban ninki, kason kamfanin ma yana ƙaruwa da kowane wasa da ya ƙara, ga shi wasa ɗaya tak ya isa ya yanke tikitin.

Akwai kuma batun jinkiri, wanda masu cacar kai tsaye ba su cika lura da shi ba. Hoton da ke isowa waya yana bayan ainihin wasan, wani lokaci da gangan masu shirya gasa ke jinkirta shi don hana maguɗi, sannan ga tafiyar hawainiyar netwok. Su kuwa kamfanonin caca suna sayen bayanan wasa daga tushe. Wato mai kallo a Unguwar Sarki na iya saka kuɗi a kan zagayen da tuni kamfani ya san yadda ya ƙare, ya kuma gyara ninkinsa.

Sayar da wasa ma ba sabon abu ba ne. A watan Agustan 2014, ƙungiyar iBUYPOWER ta Amurka, wadda kowa ke ganin za ta ci, ta sha kashi da 16 da 4 a hannun NetcodeGuides. Daga baya ta bayyana cewa da gangan aka faɗi, bayan an saka caca a kan faɗuwar. A Janairun 2015 kamfanin Valve, mai wasan Counter-Strike, ya haramta wa waɗanda ke da hannu shiga gasanninsa. An kafa hukumar ESIC a 2016 don bin diddigin irin wannan, kuma a 2020 ta dakatar da masu horarwa 37 saboda amfani da wata ɓaraka a wasan wajen leƙen abokan hamayya. Haɗarin ya fi yawa a ƙananan gasanni, inda abin da ɗan wasa zai samu idan ya sayar da wasa ya fi kyautar gasar. Irin waɗannan gasanni ne kuma ke cika manhajoji dare da rana.

Ta fuskar doka, a Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce jihohi ne ke da hurumin tsara harkar. A Kano, Hisbah ta sha rufe shagunan caca. A Kaduna, hukumar tara haraji ta jiha ce ke yi musu rajista, kuma ƙa'ida ta hana wanda bai kai shekara 18 ba shiga. Sai dai shago ake iya garƙamewa, ita kuwa manhaja tana cikin aljihu. A addinance babu ruɗani, malamai kan kafa hujja da aya ta 90 a Suratul Ma'ida wajen haramcin caca, kuma sauya ƙwallo da gem bai sauya hukuncin ba.

Iyaye da yawa a unguwar suna gane shagon caca idan sun gan shi, suna kuma gane takardar tikitin ƙwallo idan ta faɗo daga aljihun yaro. Wannan kuwa ba ta da takarda. Uba zai ga ɗansa a zaure ya ƙura wa waya ido, ya ce gem yake yi, ya wuce. Kuɗin data, wanda ya ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, da kuɗin da ake turawa asusun caca, duk daga asusu ɗaya suke fita, kuma sau da yawa da sunan kuɗin makaranta ko na cefane aka karɓe su.