Samaru: Kafin a zana injin sussuka, wa ya kamata a fara tambaya?

A Samaru, Zariya, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR, wadda tarihinta ya faro tun 1922, tana ƙera injinan sussuka da na shuka. A Sabon Gari kuma masu walda na haɗa nasu. Sai dai injin da ya ci jarrabawa a wurin gwaji kan iya ƙarewa a gindin bishiya yana tsatsa.

Galibi ba ƙarfen ne ke da laifi ba. Ƙaramin manomi ba inji yake saye ba, aiki yake saye: mai inji ya zo gonarsa da kaka, ya sussuke masara, a biya shi kan kowane buhu.

Masana tsara hidima sun ce wannan tafiyar gaba ɗaya ya kamata injiniya ya fara zanawa. A 1984 wata ma'aikaciyar banki a Amurka, Lynn Shostack, ta bayyana yadda ake zana taswirar hidima, daga abin da mai saye ke gani har zuwa aikin da ake yi a bayan fage.

Idan aka ɗora injin sussuka kan wannan taswira, tambayoyin sai su sauya. Amalanken shanu zai iya kai shi gona? Mutum nawa za su ɗaga shi? Idan bel ya tsinke ana tsakar aiki, akwai irinsa a kasuwar Sabon Gari, ko sai an aika Kano? Matan da za su sheƙe hatsin, an tambaye su yawan ƙaiƙayin da yake bari? Kowace amsa tana iya sauya nauyin injin ko girman ƙusarsa.

Abin mamaki, Samaru ta riga ta san wannan hanya. A tsakiyar shekarun 1960, David Norman da abokan aikinsa a IAR sun bibiyi manoman Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi. A lokacin ana kallon haɗa gero, dawa da wake a gona ɗaya a matsayin ci baya. Binciken ya nuna dabara ce ta rage asara da cin moriyar ƙwadago lokacin da hannu ya yi ƙaranci.

Har yau manoma da yawa a yankin na haɗa amfani a kunya ɗaya, don haka injin shukar da aka zana don iri ɗaya tak, wani sashe kawai na aikinsu zai yi.