Fatsa a kan teku

A gundumar Tasawa da ta Mayahi babu kogi mai gudu rani da damana. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Mayahi, kwari ne mai yashi. Ana noma a cikinsa, ana gina rijiyoyi. Ruwan da ake gani a fili shi ne na tafkuna, kuma da yawa cikinsu suna ƙafewa kafin bazara. Duk da haka ana cin kifi. A kasuwa akwai banda, akwai soyayye. A kanti akwai sardin na gwangwani. Shi sardin kifin teku ne.

Teku yana da nisa. Daga Tasawa zuwa gaɓar da ta fi kusa ya fi kilomita 800 a miƙe. Mai zuwa Kwatano a mota sai ya ci fiye da kilomita 1000. Teku ya fi ƙasa faɗi: in an raba bayan duniya kashi 10, kashi 7 ruwa ne. Ruwan teku ba ya shayuwa. Cikin kowace lita akwai gishiri wajen giram 35, kusan babban cokali 2.

1. Su iri biyu

Yawancin masu shiga teku masunta ne. Su sana'arsu ce, da ita suke ciyar da iyali. A Senigal, masuntan Sanluwi da Kayar da Mbur suna fita cikin dogayen kwalekwale masu inji. Waɗansu sukan yi kwanaki ba su dawo ba.

Akwai kuma waɗansu mutane masu fita don nishaɗi. Kamar ƴan kokowa suke, ko masu sukuwar dawaki: gwada ƙarfi da gwaninta suke so. Ba su jefa taru. Fatsa suke yi, kowa da sandarsa da zarensa da ƙugiyarsa. Ba kowa ke da jirgi ba, saboda jirgi yana da tsada ƙwarai. Sai su haɗa kuɗi su yi shatar jirgi, kamar yadda ƴan biki ke shatar mota. Mai jirgi ya ba su wurin kwana da abinci da ma'aikata. Su kuma su biya kuɗin kwanakin da za su yi.

Ana irin wannan fita a Dakar. Ana yi a Mindelo, cikin tsibiran Kaf-Ber, waɗanda ke wajen kilomita 600 yamma da Senigal. Amma tafiya mai kwanaki da yawa ta fi suna a San Diyego, wani birni na Amurka a bakin tekun Fasifik. Manyan jiragen fatsa na can tsawonsu ya wuce mita 30. Suna ɗaukar mutum 20 ko 30, su yi kudu wajen ruwan Meziko. Wata tafiyar kwana 3 ce, wata sati 2 ce ko fiye.

2. Jirgi kamar ayari ne

Mutanen Tasawa sun san ayari. Tun da daɗewa Buzaye ke zuwa da raƙuma, su kawo gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi. Kafin ayari ya shiga Tenere, sai madugu ya ƙirga kwanaki. Ya duba salkunan ruwa. Ya duba guzuri da ciyawar raƙuma. Abin da aka manta a gida, ba a samun shi a hanya.

Haka shugaban jirgi yake yi. Shi ne madugu, ana ce masa kyaftin. Kafin a tashi yakan duba abubuwa biyar.

Na fari, ruwan sha. Jirgi yana bisa ruwa, amma ƙishirwa tana iya kashe mutanen cikinsa. Shi ya sa ake cika tankuna tun daga tasha. Manyan jirage suna da injin da ke raba ruwa da gishiri.

Na biyu, man inji. Shi ne ciyawar jirgi. Ana lissafa na zuwa da na dawowa, a ƙara na ko-ta-kwana.

Na uku, sanyi. Kifi ba ya jimre zafi, yini guda ya isa ya lalace. Don haka a cikin jirgi akwai rumbu mai ƙanƙara ko ruwa mai sanyi ƙwarai.

Na huɗu, koto. Babban kifi ƙaramin kifi yake ci. Ana zuba ƙananan kifaye masu rai cikin tanki, ana sabunta musu ruwa dare da rana.

Na biyar, kayan tsira: rigar da ke hana nutsewa, ƙaramin jirgin roba, magunguna, da radiyon kiran taimako.

Bayan wannan kyaftin yana sauraren labarin iska. In an ce hadari na tafe, ba ya tashi, ko da an riga an biya shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

3. Yadda ake neman kifi

A tsakiyar teku babu itace, babu dutse, babu sawu. Ko ina aka duba ruwa ne. Matuƙan da suna duban rana da taurari, kamar jagoran ayari. Suna kuma da wata allura mai nuna arewa kullum. Matuƙan yanzu sun ƙara da na'urar GPS, wadda ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam, ta nuna inda jirgi yake.

Kifi bai watsu ko'ina daidai ba. Yana taruwa inda abinci yake, kamar yadda dabbobi ke taruwa inda ciyawa ta fito. Akwai tuddai a ƙarƙashin teku. Akwai wuraren da ruwan sanyi ke haɗuwa da ruwan ɗumi. A nan ƙananan kifaye suka fi yawa, manya kuma suna bin su.

Matuƙi yana duban tsuntsaye. In ya hango su suna shawagi suna faɗawa ruwa, ya san manyan kifaye sun koro ƙanana zuwa sama. Yana kuma da wata na'ura a gindin jirgi. Takan aika ƙara zuwa ƙasa, ƙarar ta bugi abu ta dawo. Yaron da ya taɓa yin kira a bakin rijiya mai zurfi ya san wannan, don muryarsa takan komo masa. Da haka na'urar ke nuna zurfin ruwa da garken kifi.

Rayuwar jirgi ba hutu ba ce kawai. Raƙuman ruwa suna ɗaga jirgi suna sauke shi. Baƙo yakan yi jiri da amai kwana ɗaya ko biyu kafin ya saba. Gadaje ƙanana ne, wani bisa wani. Ana tashi tun da asuba. Da dare ma'aikata suna gadi bi da bi, don kada a yi karo da wani jirgi.

4. Kokowa da kifi

Sandar fatsar teku tana da ƙarfi, tana tanƙwaruwa ba ta karye ba. A gindinta akwai babban kwarkwaro, kamar na keken ɗinki. Zare mai tsawon ɗaruruwan mita yana naɗe a jikinsa.

Wani lokaci jirgi yakan tsaya, a jefa koto mai rai. Wani lokaci yana tafiya sannu, kamar gudun mai keke, yana jan koton roba a baya. Kifi ya ga kamar abinci ne ke gudu, sai ya kai cafka.

Manyan da aka fi nema su ne tuna da marlin. Tuna kifi ne mai kauri da gudu. Marlin yana da dogon baki mai tsini kamar mashi. In ya ji ƙugiya yakan yi tsalle sama da ruwa, ya zura da gudu. Mai fatsa ba ya ja da ƙarfin tsiya, don zare zai tsinke. Kwarkwaro yana da birki. In kifi ya ja, a sakar masa zare. In ya lafa, a naɗe. Haka za a yi ta yi har ya gaji. Aikin yakan ɗauki awa guda, wani lokaci awoyi da yawa. Mai gaggawa ba ya kama babban kifi.

A 1939 an kafa ƙungiyar IGFA a Amurka. Ita ke rubuta dokokin wannan wasa, tana kuma ajiye nauyin manyan kifayen da aka kama. A 1953, a ruwan ƙasar Feru, Alfred Glassell ya kama marlin mai kilo 707. Ya fi buhu 7 na hatsi masu kilo 100, ya fi babban raƙumi nauyi. A 1979, a Kanada, Ken Fraser ya kama tuna mai kilo 679.

5. Kifi yana ƙarewa

Mutanen da sun ɗauka kifin teku ba ya ƙarewa. Abin da ya faru a gabashin Kanada ya nuna ba haka ba ne. Can akwai wani kifi mai suna kod. An yi kusan shekara 500 ana kama shi. Daga baya manyan jiragen kamfanoni suka zo da taruna masu share gindin teku. Suka kwashe iyaye da ƴaƴa. A 1992 kifin ya ragu har gwamnati ta hana sunsa. Mutum wajen 30000 suka rasa aiki. Sai a 2024 aka sake buɗe sun, shi ma da ƙaramin kaso.

Dalili a fili yake. Kifi yana da shekarun da yake kaiwa kafin ya fara ƙwai. In an kama shi kafin nan, bai bar magaji ba. Manomin da ya cinye irinsa, mi zai shuka da damana?

Masu fatsa ba su kama da yawa kamar masu taru. Amma manya suke nema, kuma a wajen marlin manyan duka mata ne, su ke zuba ƙwai mafi yawa. Don haka aka sa dokoki. A ƙasashe da yawa sai da takardar izini ake fita. An ƙayyade yawan kifin da mutum zai tafi da shi gida. Wanda bai kai girma ba, a mayar da shi ruwa. Tun 1966 ƙasashe suka sa hannu a wata yarjejeniya don kiyaye tuna na tekun Atalantika.

Yanzu masu fatsa da yawa ba su kashe marlin. Sukan jawo shi kusa da jirgi, su auna tsawonsa, su ɗauki hoto, su cire ƙugiya, su sake shi. Waɗansu suna maƙala masa ƴar alama mai lamba, kamar yadda makiyaya ke sa wa raƙuma shaida. A 1954 aka sa wa waɗansu tuna irin wannan alama a Amurka. Bayan ƴan shekaru aka kama waɗansu a gaɓar Turai. Ta haka aka tabbata tuna yana ƙetare Atalantika. Kifin da ke yawo haka ba na ƙasa guda ba ne, sai an haɗa kai ake iya tsaron shi.

6. A ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa ma tana da gasar kamun kifi. Ana yin ta a Argungu, cikin jihar Kabi ta Nijeriya. Bikin ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyarar zumunci. Dubban masunta suna faɗawa ruwan Matan Fada, kowa da homa da gora. Wanda ya fito da kifi mafi nauyi shi ya ci. A 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Mi ya sa ake samun manyan kifaye a Matan Fada? Saboda Sarkin Ruwa yana tsaron wurin. Ba a barin kowa ya yi su a can sai lokacin biki. Kifi ya samu sarari ya girma, ya hayayyafa.

A jihar Maraɗi akwai tafkin Madarunfa, kudu da birnin Maraɗi. Masunta suna kama tarwaɗa da karfasa a cikinsa. A 2019 aka sa shi cikin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya. Dokar Nijar ta hana zuba guba a ruwa don kamun kifi, ta hana taru mai ƙananan idanu. Ma'aikatan gandun daji ke lura da wannan.

Dokar teku da ta tafki ɗaya ce. A kama wanda ya girma, a bar ƙarami. A bar wa kifi lokacin ƙwai. Yaron da ya je fatsa a tafkin garinsu, ya kamo ɗan mitsitsin kifi ya mayar da shi ruwa, ya yi aikin babban masunci. Baɗi zai same shi ya fi haka girma.

Tambayoyi

1. Mi ya bambanta masunci da mai fatsa don nishaɗi?
2. Waɗanne abubuwa biyar kyaftin ke dubawa kafin jirgi ya tashi?
3. Don mi matuƙi ke duban tsuntsaye?
4. Mi ya faru da kifin kod a Kanada a 1992?
5. Jirgi ya ɗauki mutum 20, za su yi kwana 6. Kowa yana bukatar lita 5 ta ruwa a yini. Tano nawa mai lita 200 za a cika?
6. A tambayi dattawan gari sunayen kifayen da ake samu a tafki mafi kusa. A rubuta su cikin kaye, a kawo lakwal.