Kafin a sayar da shanu a tura yaro karatun kasuwanci ƙasar Sin

Duk wanda ya zaga kasuwar Kaura Namoda ko ta Shinkafi da idon lura zai ga rabin abin da ke rumfuna daga ƙasar Sin ya fito: babura da kayan gyaransu, wayoyin Tecno da Itel, farantin sola, fitila mai caji, injin ban-ruwa, har da atamfar da ta kori tamu daga Kantin Kwari. Don haka ba abin mamaki ba ne idan magidanci a Banga ko Zurmi, wanda ya gaji da rufe makarantu da tare hanya, ya fara tunanin gara ɗansa ya je can tushen kayan ya karanci kasuwanci. Dillalan karatu sun shinshino wannan buri. Saƙonsu na yawo a WhatsApp da hoton dogon bene da alkawari uku: karatu kyauta, biza cikin sauƙi, kuma da Turanci za a koyar, "ba sai yaro ya iya yarensu ba". Na ukun nan shi ya fi daɗin ji, kuma shi ne ramin. A ganina, yaron da ya yi shekara huɗu a Sin ya dawo bai iya Sinanci ba, ƙaiƙayi ya ɗebo ya baro tsabar a can.

Dalili kuwa a fili yake. Lissafin riba da faɗuwa, tsarin ajiyar kaya, dabarun talla, duk ana koyar da su a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Kaura Namoda tun shekarun 1980, ana kuma koyarwa a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ba tare da an sayi tikitin jirgi ba. Abin da babu shi a nan shi ne bakin magana da mai masana'anta. A birnin Yiwu akwai kasuwa mai rumfuna sama da 70,000, kuma ga yadda cinikin baƙo yake tafiya a cikinta: ɗan kasuwa ya nuna kaya, mai rumfa ta danna lamba a kalkuleta ta miƙo, shi ma ya danna tasa ya mayar, tafinta na tsaye tsakani yana jefa kalma biyu uku da ba wanda ya ji sai su biyu. A cikin kalmomin nan ne ake yanka la'adarsa, wani lokaci a nan ne ake sauya kaya masu nauyi da masu shara-shara, sai kwantena ta iso Legas a gane. Haka ma a intanet: shafin Alibaba na Turanci an yi shi ne don baƙi, shafin 1688 kuwa, inda Sinawa ke sari tsakaninsu kuma galibi ya fi rahusa, da Sinanci yake. Wanda ya iya harshen shi ke cin wannan ratar, ko ga kansa ko ga Alhazan da za su ɗauke shi wakili.

Sai dai harshen ba ya zuwa don kawai mutum ya kwana a ƙasar. Ana auna shi da jarrabawar HSK, kuma a tsarin da aka daɗe ana bi, mataki na 4 yana bukatar kalmomi 1,200, na 5 kalmomi 2,500, na 6 kuma 5,000. Jami'o'in da ke koyarwa da Sinanci sukan nemi mataki na 4 ko sama kafin a shiga aji, shi ya sa ake ware shekara guda ta koyon harshe zalla. Bahaushe yana da wata sa'a da Bature ba shi da ita. Sinancin Mandarin harshe ne mai karin sauti, inda "ma" kan zama uwa ko doki ko zagi gwargwadon yadda murya ta tashi ko ta sauka, kuma kunnen da ya saba raba kukan jariri da kukar miya ba zai ga wannan baƙon abu ba. Wahalar tana rubutu, don babu a, ba, ca: kowace alama sai an haddace ta da surarta, kamar yadda almajiri ke wanke allo ya sake. Ɗalibin da ya zaɓi ajin Turanci, ya tare a ɗaki da 'yan gida, ya ci tuwo a unguwar Xiaobei ta Guangzhou inda 'yan Afirka suka yi yawa, zai dawo da gaisuwa da ƙirgen kuɗi kawai. Guangzhou ma, a tuna, harshen titinta na asali Kantonis ne, ba Mandarin ba, ko da yake kowa na jin Mandarin ɗin.

Wani zai ce ai yanzu waya na fassara, me ya kai mutum ɓata shekara? Gaskiya ne waya na iya tambayar farashi. Amma ba ta jin abin da manaja ya raɗa wa ma'aikacinsa, ba ta zama cin abincin dare da mai masana'anta inda ake ƙulla amanar da ke sa a ba da kaya bashi, kuma idan rigima ta kai ga hukuma, rubutun Sinanci na yarjejeniyar za a buɗe. Wani kuma zai ce Sinawan ai sun zo Kano da kansu, sai a saya a hannunsu. Wannan hujja ce a kaina ko a kan mai faɗinta? Gidan rediyon Sin yana watsa shiri da Hausa tun 1963, tun kafin Najeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da ƙasar a 1971, kuma ana koyar da Hausa a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing. Sun koyi namu don su sayar mana, mu kuma har yau da yatsa muke ciniki.

Ga batun takardu, inda aka fi cutar mutane. Tallafin gwamnatin Sin yana hannun hukumar da ake kira CSC, kuma ɗalibi da kansa yake cike neman a shafinta. Idan jami'a tana karɓar kuɗin rajista, asusunta ake biya, ba na wani mai ofis a bayan tasha ba. Gurbin gaskiya yana zuwa da takardar shiga jami'a haɗe da fom JW201 ga mai tallafin gwamnati, ko JW202 ga mai biya wa kansa. Karatun da ya wuce kwana 180 bizar X1 ake ba shi, kuma dole a mayar da ita izinin zama cikin kwana 30 da sauka. Dillalin da ya ce a tafi da bizar kasuwanci "a gyara a can" ya riga ya ci kuɗin. Wanda ya ce yaro zai riƙa aiki yana biyan kuɗin makaranta shi ma ƙarya yake, domin ɗalibi ba ya aiki sai da izini a rubuce, kuma zarce wa'adin zama na jawo tarar yuan 500, kuɗin Sin, kowace rana har zuwa 10,000, ko tsarewa da kora. A tambaya a rubuce: tallafin ya haɗa da ɗaki da abinci, kuma na shekara nawa ne? Da yawa na shekarar farko ne kawai, sauran sai an ci maki. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin shekara guda, kuma iyayen da suka yi lissafi da tsohon farashi sun ji a jikinsu. A kuma tabbatar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya za ta amince da shaidar makarantar, don dakatar da tantance digirin Kwatano da Togo da ta yi a farkon 2024 ya isa darasi.

Zaman kansa yana da nasa sharuɗɗa. Abincin halal ba ya wuya, shagunan taliyar Musulmin Hui suna kusan kowane birni, kuma akwai masallatai, amma dokar ƙasar ta hana taron ibada ko wa'azi a cikin harabar makaranta. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da 'yan Afirka da dama daga masaukansu a Guangzhou, har kakakin majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa bidiyon. Kuma kada yaro ya karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko na ɗan unguwarsu ne, don safarar ƙwaya a Sin tana kaiwa ga hukuncin kisa.

Akwai gwaji mai arha da uba zai iya yi kafin ya kira dillalin shanu. Cibiyoyin Confucius masu koyar da Sinanci da ke jami'ar Nnamdi Azikiwe a Awka da Jami'ar Legas sun yi wa ɗan Zurmi nisa, amma darussan farko suna nan kyauta a wayar da ke aljihunsa. A tsarin da aka daɗe ana bi, matakin HSK na 1 kalmomi 150 ne, na 2 kuma 300. A ba yaron, ko yarinyar, wata shida daga girbi zuwa faɗuwar damina. Idan ya iya karanta rubutun da ke jikin kwalin batirin sola ya faɗi abin da yake nufi, sai a zauna a yi lissafin yuan.