Tsohon janareton dizal ya ƙi tashi? Duba waɗannan kafin ka kira bakanike

Idan kana da shagon cajin waya ko gidan kallon ƙwallo a Gyadi-Gyadi ko Tarauni, ka san ranar da janareto ya ƙi tashi ranar asara ce.

Injin dizal ba shi da filogi irin na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafi, sannan nozul ya fesa mai ya kama. Don haka matsalarsa yawanci ba ta wuce batir, mai ko iska.

Batir: Auna shi da mita. Cikakken batir mai bolt 12 yana nuna kusan 12.6. In ya gaza 12, a yi masa caji, a kankare tsatsar kawunansa.

Mai: In gas ya taɓa ƙarewa injin yana aiki, iska ta shiga bututu. Sassauta ƙusar da ke kan filtar mai, ka yi ta danna famfon hannu har kumfa ta daina fitowa, sannan ka ɗaure.

Hayaƙi: Baƙi yana nufin iska ba ta isa, galibi ƙurar hunturu ce ta toshe filta. Shuɗi, injin yana ƙona baƙin mai. Fari kuwa, man bai ƙone ba, ko ruwa ya shiga.

Kada ka kai hannu kan bututun nozul injin yana aiki, ƙarfin man yana huda fata. Gyaran nozul da babban famfo aikin bakanike ne. Kuma kada a kunna shi cikin rufaffen shago, hayaƙinsa yana kisa.