Shin Ma'adinai Ne Ke Zaunar da Sojan Baƙi? Lissafin Kuzar Jos

JOS: Unguwar Dutse Uku da ke arewacin birnin Jos ta san soja. Daga nan ne rikicin watan Janairun 2010 ya faro, wanda a bayansa gwamnatin tarayya ta girke runduna ta musamman a Jihar Filato. Waɗannan sojan gida ne. Amma shi kansa birnin, da kasuwanninsa da unguwannin da suka cika da baƙi daga Kano da Zariya da Bauchi, ya samo asali ne daga wata rana da sojan wata ƙasa suka hau tsaunin suna rakiyar mai neman kuza. Saboda haka idan ana gardama a kan ko arzikin ƙarƙashin ƙasa ne ke sa manyan ƙasashe su daɗe da girke soja a inda ake yaƙi, Jos na da nata lissafin da za ta gabatar.

Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Liruwe suna narka kuza, fatake kuma suna kai ta kasuwannin ƙasar Hausa. Wannan kuza ce ta faɗa hannun wakilan Kamfanin Neja, suka shiga bin sawunta. A 1902, shekarar da aka ci Bauchi, kamfanin ya aiko George Nicolaus ya gano inda take a yankin kogin Dilimi. A 1903 injiniya H. W. Laws ya biyo baya tare da rakiyar sojan Ingila, ya yada zango a Tilden Fulani, daga baya ya koma Naraguta. Mutanen tsaunin, irin su Birom da Rukuba, ba su miƙa wuya cikin sauƙi ba, sai da aka shafe shekaru ana aika musu da sintirin soja, ana ƙona garuruwa.

A nan babu wata tababa, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfanin a 1900, an yi yarjejeniya cewa kamfanin zai riƙa samun rabin kuɗin da gwamnati ke karɓa a kan ma'adinan wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. Ke nan kowane gari da aka murƙushe a kan tsaunin, akwai masu hannun jari a Landan da za su ga amfaninsa a littafin ribarsu.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne abin da ya biyo baya. Da aka gama cin tsaunin, aikin bindiga ya ragu ƙwarai, takarda ta karɓa. Dokokin ma'adinai na 1916 da 1946 suka mallaka wa gwamnatin Ingila duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa, sai mai lasisi kaɗai ke da ikon haƙa. Haraji ya tura talakawa neman kuɗi a ramukan kuza. Da can 'yan dako ke ɗaukar kaya a ka har zuwa Loko a bakin Binuwai. Zuwa 1914 ƙaramar hanyar dogo daga Zariya ta iso tsaunin, a 1927 kuma ta Fatakwal ta iso. Ko a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942 Ingila ta rasa babbar mahaƙarta, ba ƙarin bataliya aka kawo Jos ba. Ta hannun hukumomin En'e aka yi diban gwamna, aka tattaro kimanin mutum 100,000 daga lardunan Arewa tsakanin 1942 da 1944, da yawansu sanyin tsauni da yunwa da cuta suka hallaka su. A 1943 abin da aka haƙa ya kai kimanin tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba.

Turawan mulki suka tafi a 1960, amma kamfanonin, ciki har da babbansu Amalgamated Tin Mines of Nigeria, suka ci gaba da aiki ba tare da sojan Ingila ko ɗaya yana gadinsu ba. Abin da ya durƙusar da su shi ne ƙarewar kuzar da ke kusa da sama, da dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, sannan rugujewar kasuwar kuza ta duniya a watan Oktoban 1985. Kududdufan da aka bari a Bukuru da Rayfield da Barkin Ladi su ne gadon da ya rage wa masu ƙasa.

Idan aka ɗora Afganistan a kan wannan ma'auni, zargin ba ya tsayawa da ƙafarsa. Gaskiya ne a 2010 jami'an Amurka sun ƙiyasta ma'adinan ƙasar da kusan dala tiriliyan ɗaya. To amma lasisin babbar mahaƙar tagulla ta Mes Aynak kamfanin ƙasar Sin ne ya samu a 2007, ƙasar da ba ta aika soja ba, kuma har Amurka ta fice a watan Agustan 2021 ba a fitar da tagullar sayarwa daga wurin ba. An ƙiyasta yaƙin ya ci wa Amurka fiye da dala tiriliyan biyu. Babu attajirin da zai kashe naira biyu don gadin naira ɗaya da ke binne, wadda ma wani ne ke riƙe da takardarta. Babbar mahaƙa na bukatar hanya da lantarki da shekarun zaman lafiya, waɗanda dogon yaƙi ba ya bayarwa.

Maƙwabciyarmu Nijar ta fi wuyar yanke hukunci. Faransa ta aika zaratan soja gadin mahaƙan yuraniyum na Arlit a 2013, ko da yake yawancin dakarunta a yankin yaƙi da masu tayar da ƙayar baya suka zo yi. Sojan suka fice a watan Disamban 2023, zuwa watan Yunin 2025 kuma gwamnatin Yamai ta ƙwace kamfanin Somair daga hannun Orano. Masu cewa soja ne ginshiƙin kwangilar sun samu abin kafa hujja.

Inda zargin ya tabbata a gaban alƙali shi ne gabashin Kwango. Zinariya da lu'ulu'u da kuza da koltan ana haƙa su da shebur, a loda a ƙaramin jirgi, kamar dai yadda 'yan dako suka riƙa fita da kuzar Jos kafin zuwan dogo. Irin wannan ma'adini yana iya ciyar da soja tun yaƙi na ci. A 2005 Kotun Duniya ta samu Uganda da laifin barin sojanta su wawashe dukiyar Kwango, a 2022 kuma ta umarce ta da biyan diyyar dala miliyan 325, wanda miliyan 60 daga ciki na albarkatun ƙasa ne.

Yaƙin na can ya taɓa aljihun masu sayen kuza a Jos da Bukuru. A watan Maris na 2025, da 'yan tawayen M23, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sojan Ruwanda na mara wa baya, suka doshi mahaƙar Bisie, kamfanin Alphamin ya dakatar da aiki, farashin kuza a kasuwar Landan ya yi tashin da ba a gani ba tun 2022. Hakan ya zo ne makonni kaɗan bayan Gwamna Caleb Mutfwang ya dakatar da haƙar ma'adinai a duk faɗin Jihar Filato saboda matsalar tsaro.