Daga Washington zuwa Shagari: yadda ake raba tallafin soja, da dalilin da ya sa ba ya isa ƙauye

A daren 25 ga Disamba, 2025, Amurka ta harba makamai a jihar Sakkwato. Shugaba Donald Trump ya ce mayaƙan IS aka kai wa harin, gwamnatin Najeriya kuma ta ce da yardarta aka yi, kuma dajin Bauni da ke ƙaramar hukumar Tangaza aka nufa. Ɓaraguzan wasu makaman sun faɗo a Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal mai maƙwabtaka da Shagari, can kudancin jihar, nesa ƙwarai da inda aka ce an auna.

Watanni kaɗan kafin nan, a ƙarshen daminar shekarar, mutanen da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Shagari sun tare babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari zuwa Jega. Buƙatarsu ɗaya ce: a kai jami'an tsaro ƙauyukansu, domin su koma gidajensu da gonakinsu.

Tsakanin abin da ƙasashen waje ke bayarwa da abin da waɗannan manoma suka fito nema akwai rata mai faɗi. Ratar ta samo asali ne daga yadda ake raba tallafin soja a matakai uku: tsakanin ƙasashen duniya, tsakanin ƙasashen Yammacin Afirka, sannan tsakanin yankunan Najeriya kanta.

Mene ne tallafin soja?

Kalmar ta ƙunshi abubuwa da dama waɗanda labarai kan cuɗa su wuri guda. Akwai kyautar kuɗi domin sayen makamai. Akwai kyautar kayan yaƙi, galibi waɗanda mai su ya gama amfani da su. Akwai horar da hafsoshi, da musayar bayanan sirri, da girke dakaru. Sai kuma ciniki tsakanin gwamnati da gwamnati, wanda a kan sanar da shi da sunan taimako, alhali mai saye ne ke biyan kuɗi. Rarrabe kyauta da ciniki shi ne matakin farko na gane inda Najeriya take a wannan rabo.

Rabon duniya

Amurka ce ta fi kowa bayar da irin wannan tallafi, kuma ƙasashe ƙalilan ne ke kwashe mafi yawansa. A 2016 ta ƙulla yarjejeniya da Isra'ila ta dala biliyan 38 cikin shekaru goma, daga 2019 zuwa 2028, wato biliyan 3.8 kowace shekara. Masar na karɓar kimanin dala biliyan 1.3 duk shekara, tsarin da ya biyo bayan sulhun da ta yi da Isra'ila a 1979. Yukiren kuwa, daga mamayar Rasha a Fabrairu 2022 zuwa farkon 2025, ta samu kayan yaƙi na fiye da dala biliyan 60 daga Amurka kaɗai.

Haka lamarin yake a Tarayyar Turai. A da tana da asusu na musamman domin ayyukan zaman lafiya a Afirka. A 2021 aka narkar da shi cikin sabon asusu mai kula da duniya baki ɗaya. Asusun ya haura Yuro biliyan 17, kuma fiye da biliyan 11 daga ciki Yukiren aka ware wa.

A daidai wannan lokaci, rahoton shekara-shekara kan ta'addanci a duniya ya nuna cewa fiye da rabin mutanen da ta'addanci ya kashe a 2024 a yankin Sahel suka mutu. Da yawan gawarwaki ake aunawa, da Sahel ce kan gaba a rabo. Amma ma'aunin daban ne. Masar na riƙe da mashigin Suwez da iyakar Isra'ila. Yukiren na tsakanin Rasha da ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO. Isra'ila na da ƙawance mai tushe da kuma goyon baya mai ƙarfi a siyasar cikin gidan Amurka. Bugu da ƙari, mafi yawan kuɗin kan koma kamfanonin ƙera makamai na ƙasar da ta bayar, domin a can ake sayen kayan. So duka so ne, in ji Hausawa, amma son kai ya fi. Mai bayarwa kan duba tsaronsa da kasuwarsa kafin ya duba hawayen mai karɓa.

Rabon Yammacin Afirka

A cikin ɗan abin da ke zuwa wannan yanki, Jamhuriyar Nijar ce ta daɗe tana samun kaso mai tsoka. Amurka ta kashe kimanin dala miliyan 110 wajen gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas, ta kuma ajiye sojoji kusan 1,000 a ƙasar. Faransa ma ta mayar da dakarunta can bayan ta fice daga Mali. Dalili shi ne wurin da Nijar take: daga Agadas ana iya sa ido kan Libiya da Mali, kuma ta nan baƙin haure ke bi zuwa Turai.

Juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 ya rushe wannan tsari. Sojojin Faransa sun gama ficewa a Disamban 2023, na Amurka a Satumban 2024, masu horarwa daga Rasha suka sauka Yamai. Jihar Sakkwato mai doguwar iyaka da Nijar ta ji a jikinta. A Nuwamban 2024, lokacin da hedikwatar tsaron Najeriya ta yi bayani a fili kan Lakurawa, ta danganta shigowarsu da lalacewar haɗin gwiwar tsaron iyaka bayan juyin mulkin.

Akwai kuma bambanci tsakanin iyaka da iyaka. Yankin Tafkin Chadi na da rundunar haɗin gwiwa mai hedikwata a Injamena, wadda aka farfaɗo da ita a 2015, Tarayyar Turai kuma ta tallafa mata da kuɗi. Nijar ta fice daga cikinta a Maris 2025, amma rundunar na nan. Iyakar da ta haɗa Sakkwato, Zamfara da Katsina da jihohin Doso, Tawa da Maraɗi ba ta taɓa samun runduna mai irin wannan gata ba. Boko Haram ta yi mubaya'a ga IS, ta shiga jerin abokan gaban ƙasashen Yamma. Ɓarayin daji kuwa an daɗe ana ɗaukarsu a matsayin matsalar cikin gida, komai yawan mutanen da suka kashe.

Wannan ba sabon abu ba ne. A zamanin Shugaba Shehu Shagari, ɗan garin Shagari, wanda ya mulki Najeriya daga 1979 zuwa 1983, ƙasar ta jagoranci rundunar kiyaye zaman lafiya ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Chadi a 1981 zuwa 1982, kuma ita ta ɗauki mafi yawan nauyin dakarunta, domin kuɗin da aka sa rai bai zo ba. Sai a Disamban 2023 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince, a ƙuduri mai lamba 2719, cewa za a iya biyan har kashi 75 cikin 100 na kuɗin irin waɗannan ayyuka na Tarayyar Afirka.

Najeriya: mai saye, ba mai karɓa ba

Manyan kayan yaƙin da Najeriya ke alfahari da su da kuɗinta ta saya. Jiragen Super Tucano 12 da suka fara isowa a Yulin 2021 an biya kimanin dala miliyan 496 a kansu a 2018. Kyautar da Masar ke karɓa a shekara ɗaya ta ninka wannan kuɗi fiye da sau biyu. A Afrilun 2022 Amurka ta amince a sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin AH-1Z guda 12 a kan kusan dala biliyan 1. Jiragen JF-17 na Fakistan, da T-129 na Turkiyya, da tankoki da jirage marasa matuƙa na Sin, duk saye ne. Hatta jiragen Alpha Jet da suka daɗe suna aiki a fagen daga, tun zamanin Shagari aka fara sayo su.

Abin da ya zo kyauta kaɗan ne, kuma yana nuna inda hankalin mai bayarwa yake. Jiragen ruwa biyu, Thunder da Okpabana, tsofaffin kayan dakarun gaɓar tekun Amurka ne, aikinsu tsaron tekun Gini inda jiragen mai ke wucewa. Motoci masu sulke 24 da aka bayar a Janairun 2016 domin yaƙi da Boko Haram ne.

Ko sayen ma da sharaɗi. A 2014 Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jiragen Cobra daga Isra'ila bisa zargin take haƙƙin ɗan Adam. An jinkirta cinikin Super Tucano bayan jirgin sojan sama ya jefa bom kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann a Janairun 2017. Da jiragen suka iso, an yi ta muhawara kan ko ƙa'idar cinikin ta yarda a yi amfani da su kan ɓarayin daji, har sai da babbar kotun tarayya ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, gwamnati ta buga hukuncin a hukumance a Janairun 2022.

Sharuɗɗan ba su rasa hujja ba. Harin Tudun Biri a Kaduna a Disamban 2023 ya kashe aƙalla mutum 85 da ke taron Maulidi. A 25 ga Disamba, 2024, mutum 10 suka rasu a Gidan Sama da Rumtuwa cikin ƙaramar hukumar Silame lokacin wani farmaki ta sama kan Lakurawa. Makami daga sama ba ya rarrabe manomi da ɓarawo idan babu sahihin bayani daga ƙasa.

Rabon cikin gida

Mataki na uku shi ne wanda ba a cika magana a kansa ba, kuma a hannun Najeriya yake. Shekaru da dama Arewa maso Gabas ce ta fi samun dakaru da jirage da horon ƙasashen waje. Sai a ƙarshen 2024 aka haɗa ayyukan sojan Arewa maso Yamma ƙarƙashin runduna ɗaya mai suna Fansan Yamma. A cikin Sakkwato kanta, hankali ya fi karkata gabas, wato Isa da Sabon Birni inda Bello Turji ya addabi jama'a, da kuma Tangaza da Gudu inda Lakurawa suke. Kudancin jihar an daɗe ana ɗaukarsa a matsayin wuri mai zaman lafiya, har sai da hare-hare suka tsananta ta ɓangaren Tureta mai iyaka da Zamfara, suka malalo Shagari.

Nisa ba shi ne matsalar ba. Boɗinga na dab da birnin Sakkwato, inda hedikwatar Runduna ta 8 ta sojojin ƙasa take, Shagari kuma tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba ce a mota. Matsalar tana farawa ne inda kwalta ta ƙare. Maharan na zuwa a kan babura, da dare, ta hanyoyin da mota ba ta iya bi da damina, su kora shanu su kwashi mutane kafin a kawo ɗauki. Maganin wannan shi ne jami'ai masu kwana a ƙauye, da hanyar sadarwa, da man babur, da alawus mai zuwa a kan lokaci, da amincewar jama'a ta yadda za su ba da labari ba tare da tsoron ramuwa ba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin jerin kayan da manyan ƙasashe ke gasar sayarwa.

'Yan sandan Najeriya ba su kai 400,000 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Wannan gibi ne ya sa Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar a Maris 2024, bayan Katsina da Zamfara sun yi nasu. Inda hukuma ta yi jinkiri, matasa kan ɗauki makami da kansu, tarihin 'yan sa-kai a Zamfara kuma ya nuna yadda hakan ke rikiɗewa ya zama ramuwar gayya tsakanin maƙwabta.

Abin da ya kamata a tambaya

Ƙorafin cewa duniya na fifita Yukiren da Isra'ila a kan Sahel gaskiya ne, amma ɗan Boɗinga ba shi da ƙuri'a a majalisar Amurka. Yana da ita a mazaɓar Boɗinga, Dange Shuni da Tureta, ɗan Shagari yana da ita a mazaɓar Yabo da Shagari, dukansu kuma suna zaɓen sanatan Sakkwato ta Kudu. Waɗannan wakilai ne ke amincewa da kasafin tsaro, wanda ke cin tiriliyoyin naira kowace shekara, a ƙasar da har yau ba a manta da zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai da ya fito a 2015 ba.

Su ya kamata a tambaya: waɗanne sharuɗɗa ne ke cikin haɗin gwiwar tsaro da Amurka, kuma wa ke zaɓen inda za a kai hari? Idan makami ya faɗa kan farar hula, wa zai yi bincike, wa zai biya diyya? A cikin kowace naira da aka kashe kan jirgi, nawa aka kashe kan jami'in da zai kwana a ƙauye? A Nuwamban 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin janye 'yan sanda daga gadin manyan mutane da kuma ɗaukar sababbi. Nawa ne daga cikinsu aka turo kudancin Sakkwato, kuma a waɗanne ƙauyuka suke?

Zanen aro ba ya rufe katara. Agadas ta nuna cewa tallafin waje kan tattara kayansa cikin 'yan watanni idan siyasa ta juya. Abin da zai zauna shi ne wanda aka saka a kasafin kuɗin ƙasa, aka bi sawunsa har ya isa ofishin 'yan sanda na Shagari, kuma bin sawun aiki ne da masu ƙuri'a za su iya farawa tun kafin zaɓen 2027.