Darajar Garantin Kamfani a Kan Motar Hannu

Garantin kamfani alkawari ne da mai ƙera mota yake ɗauka cewa zai gyara kyauta duk wani lahani da ya samo asali daga ƙira ko daga kayan da aka haɗa motar da su, har zuwa wani wa'adi. Wa'adin na da ma'auni biyu, shekaru da nisan tafiya, kuma duk wanda ya riga cika shi ke rufe alkawarin. A Amurka, Toyota da Honda suna ba da shekara 3 ko mil 36,000, kusan kilomita 58,000, a kan yawancin sassan mota, sannan shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya. Ana fara ƙirga wa'adin ne daga ranar da aka damƙa motar ga mai ita na farko, ba daga ranar da ta koma hannu na biyu ba. Saboda haka wanda ya sayi motar da ta shekara biyu da rabi, wata shida kacal ya rage masa a garantin yawancin sassan motar, in ma nisan tafiyar bai riga ya cinye shi ba.

Galibi garanti yana bin mota ne, ba mai ita ba, amma akwai togaciya. Hyundai da Kia suna tallata shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya a Amurka, sai dai wannan na mai saye na farko ne kaɗai. Da zarar motar ta sauya hannu sai ya koma shekara 5 ko mil 60,000. A Turai kuwa, garantin Kia na shekara 7 yana wucewa ga mai saye na gaba. Kamfani ɗaya ne, amma sharuɗɗan sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka takardar garantin motar ita ce abin dogaro, ba bakin dillali ba.

Abin da garantin ya ƙunsa ya fi yadda ake zato ƙanƙanta. Kayan da ke cinyewa da amfani, irin su takalmin birki, farantin kuloci, robar share gilashi da matatun mai, duk a aljihun mai mota suke. Tayoyi na da nasu garantin daga kamfanin da ya yi su. Ba a biyan ɓarnar hatsari, ko ta ambaliya, ko ta gurɓataccen fetur. Amfanin garantin na gaskiya yana wajen manyan matsaloli masu tsada waɗanda ba su cika aukuwa ba: injin da ya buga, giyar da ta daina shiga, ko batirin mota mai haɗa fetur da lantarki, wanda Toyota ta ƙara wa wa'adi a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 150,000 daga ƙirar 2020. Shekarun da garanti ke aiki su ne shekarun da mota ta fi lafiya. Lalacewa tana yawaita ne bayan ya ƙare, kuma kamfanoni da sanin haka suka yanke wa'adin.

Alkawarin kuma na iya rushewa tun kafin lokacinsa. Idan inji ya lalace kuma babu shaidar cewa ana juyen baƙin mai a kan kari, kamfani na iya ƙin biya. Taɓa mitar da ke ƙirga tafiya yana soke garanti, haka ma motar da kamfanin inshora ya yanke cewa ta lalace fiye da a gyara. A Amurka, dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an kai mota garejin da ba nasa ba, amma duk da haka rasit ɗin sabis ne ke kare mai mota idan gardama ta taso.

A nan ne batun ya shafi masu sayen motocin da ake kira Beljiyam ko tokumbo, waɗanda ke shigowa ta Legas da Kwatano. Garanti na da iyakar ƙasa. Na Toyota da aka sayar a Amurka yana aiki ne a Amurka da yankunanta da Kanada, ba ya bin motar zuwa Kano ko Maraɗi. Ban da haka, yawancin motocin sun daɗe da wuce wa'adinsu, kuma da dama daga cikinsu an sayo su ne a gwanjon Copart ko IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci. Ƙarin kuɗi a kan irin wannan mota da sunan garantin kamfani asara ce tsagwaronta, kuma kuɗin sun fi amfani a hannun ƙwararren bakanike da zai duba ta kafin a biya. Motar da aka saya sabuwa a wurin wakilin kamfani a cikin ƙasa ita ce ragowar garantinta ke da ma'ana, matuƙar littafin sabis ɗinta a cike yake.

Akwai wasu abubuwa biyu da ake rikita su da garantin kamfani. Na farko shi ne abin da dillalai ke sayarwa da sunan tsawaita garanti, wanda sau da yawa yarjejeniyar gyara ce da wani kamfani na daban, mai nata jerin abubuwan da ba ta biya. Na biyu shi ne kiranyen mota saboda lahanin da ke barazana ga rai. Shi wannan ba ya ƙarewa da ƙarewar garanti. Jakunkunan iska na kamfanin Takata, waɗanda kan fashe su watsa ɓarɓashin ƙarfe, sun jawo kiranyen jakunkuna kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, kuma zafi da laima na ƙara haɗarinsu, abin da ya sa lamarin ya shafi ƙasashe masu zafi sosai. Da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ana iya dubawa a shafin hukumar NHTSA ta Amurka ko akwai kiranyen da ba a yi wa motar gyaransa ba.